Yaya mutum zai gane baiwarsa, kuma har yaushe zai dage a kanta idan ta ƙi ci?

Bakaniken Fadama:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ina neman shawararku. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Argungu, shekaruna 29, ina da difloma a fannin mulki wadda ke kwance cikin akwati tun 2018. Abin da nake ci da shi shi ne gyaran injin ban-ruwa, mai inci biyu da mai inci uku, irin wanda manoman shinkafa ke amfani da shi a fadama lokacin rani.

Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini tun farko. Ina aji biyu na sakandare injin mahaifinmu ya ƙi tashi ana tsakiyar ban-ruwa, bakaniken da aka saba kira kuma ya yi tafiya, sai na kwance kafireta na wanke ta da fetur, na goge fulogi na mayar, na ja igiya, injin ya tashi. Daga ranar maƙwabtan gona suka fara kirana, har ta kai idan na ji ƙarar inji daga nesa nakan gane ko ringi ne ya mutu ko bawul ne yake son seti. A 2019 na kafa rumfa ta kaina. Shekara ta zagayo, ambaliyar 2020 ta shafe shinkafar damina a fadamarmu, waɗanda na yi wa aiki da kayan gyara bashi ba su girbe ko buhu ɗaya ba, jarina ya tafi tare da ruwan. Na sake tashi a hankali, sai ga cire tallafin mai a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin ƴan kwanaki. Wasu manoma suka rage gona, wasu suka mayar da injinansu na gas, masu hali kuma suka koma famfon sola wanda ban san kansa ba.

Yanzu mahaifina ya ce ya isa haka, in ɗauko takardata in tafi Birnin Kebbi, akwai ɗan uwansa da zai yi mini hanyar aikin ofis. Zuciyata ba ta can. Tambayata ita ce, yaya zan tabbatar wannan aikin baiwata ce ba sabo kawai ba, kuma faɗuwa sau biyu alama ce ta in bari ko kuwa ta in ƙara ɗamara?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, don haka bari in faɗa maka abin da mahaifinka yake gani wanda kai ba ka gani. Uba ba ya ƙin sana'ar ɗansa don ƙiyayya, tsoro ne yake sa shi magana. Ya ga ruwa ya cinye jarinka a dare ɗaya, ya kuma san albashi, komai ƙanƙantarsa, ambaliya ba ta tafiya da shi. Kana da shekara 29, gobe iyali ne, jibi kuɗin makaranta da na asibiti. Shawarata ita ce ka karɓi aikin idan ya samu, ka riƙa gyaran injinka ranar Asabar da Lahadi. Ba a sakin reshe a kama ganye, kuma biyayya ga mahaifi ba ta taɓa tsiyata kowa ba.

Manomin Suru:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa zan ɗan saɓa muku a wuri guda. Shinkafar rani ba ta san Asabar da Lahadi ba. Idan inji ya tsaya ranar Talata a watan Maris, rana na dukan ƙasa, shinkafa kuma ta ɗauki ciki, kwana uku ba ruwa sun isa su rage wa manomi abin da zai girba. Bakaniken da ke zaune a ofis a Birnin Kebbi har zuwa Juma'a ba bakanikenmu ba ne, wani za mu nema, kuma idan muka saba da wancan ba za mu dawo ba. Saboda haka wannan haɗin da kuke ba shi shawara a kai, a sana'ar ɗinki ko kafinta yana yiwuwa, amma a wannan aikin barin sana'ar ne a hankali.

Kai kuma ƙanena, ga ma'aunin da mu manoma muke auna ku da shi. Masu gyara iri biyu ne a fadama. Akwai wanda idan aka ce inji yana tashi amma ba ya jan ruwa, nan take zai ce a sayo sabon kan famfo. Akwai kuma wanda zai fara duba tiyon da ke cikin rijiya ko yana shan iska, ya duba sil, wato abin da ke hana yoyo a famfon, ya duba fankar da ke tura ruwa a cikin famfon ko yashi ya cinye ta, sau da yawa ma da guntun roba zai ɗaure wurin ruwa ya zubo. Na farko ya koyi kwancewa da ɗaurawa ne kawai, na biyu shi ne aka ba shi abin. Ka tambayi kanka wane ne kai a cikinsu, sannan ka duba ko akwai manomin da yake wuce rumfar wani bakanike ya zo taka. Idan akwai, to mutane sun riga sun ba ka amsar rabin tambayarka.

Ɗan Jega:
Ni ina so in yi magana a kan ɗaya rabin, domin kalmar baiwa ta ci mini shekara takwas na rayuwata, kuma ba na son a riƙa faɗinta da sauƙi. Tun ina yaro kowa a unguwarmu yake cewa ƙwallo baiwata ce. Na yarda da su, na bar karatu bayan sakandare, na bi gwaji daga wannan gari zuwa wancan, na sayar da babur ɗina na ba wani mutum da ya yi alkawarin kai ni ƙasar waje, daga ranar ban sake ganinsa ba. Duk lokacin da aka ƙi ɗaukata sai abokai su ce in yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba wanda ya gaya mini gaskiyar da na gano da kaina daga baya, wato na fi yaran unguwarmu ne kawai, amma a cikin waɗanda suka taru daga jihohi daban-daban ni matsakaici ne. Ranar da gwiwata ta samu rauni na dawo gida ba takarda ba sana'a, ƙannena har sun yi aure.

Yau albasa nake saya a Aliero ina kaiwa kudu, kuma a nan ne na gane ina da abin da ban taɓa lissafa shi a matsayin baiwa ba. Ina iya kallon buhu in faɗi ko zai kai Legas lafiya ko zai ruɓe a hanya, kuma ciniki ba ya ba ni tsoro. Abin da nake so Bakaniken Fadama ya ji shi ne, son abu daban, iya shi daban, kuma dagewa a kan abin da ba naka ba asara ce komai kyawun sunan da aka sa mata.

Malama Ƴar Yauri:
Ɗan Jega, Allah ya mayar maka da alheri, labarinka ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai ina ganin akwai bambanci babba tsakanin faɗuwarka da tasa, kuma a wannan bambancin ne amsar take. Kai an gwada ka a kan aikin kansa, tare da tsaranka, aka ga wasu sun fi ka. Shi kuwa ba a taɓa dawo masa da inji an ce gyaransa bai yi ba, aƙalla bai faɗa mana haka ba. Ruwa ne ya zo, sannan farashin mai ya tashi, kuma waɗannan sun bugi gwani da ɗan koyo baki ɗaya. Wanda ya faɗi don hannunsa bai iya ba, faɗuwar tana yi masa magana a kan baiwarsa. Wanda ya faɗi don ambaliya, faɗuwar tana yi masa magana ne a kan yadda ya tsara kasuwancinsa, musamman yadda ya zuba dukan jarinsa a bashi ga mutanen da duk gonakinsu ke cikin kwari ɗaya.

Ni kaina sau uku ina neman shiga makarantar koyon aikin jinya ban samu ba, kuma na yi kuka kamar duniya ta ƙare, domin tun ina ƙarama farar rigar nan nake mafarki. Cikin zaman jiran ne maƙwabta suka riƙa turo mini yaransu da yamma in duba musu aikin gida. Akwai wata yarinya da ta kai aji biyar ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, iyayenta har sun sallama cewa ba ta da kai. Cikin wata uku ta karanta mini shafi guda ba tare da na taimaka mata ba. A daren ban yi barci ba don murna, irin murnar da ban taɓa ji ba ko a mafarkin farar riga. Yanzu shekarata 14 ina koyarwa a firamare. Abin da na lura da shi shi ne, ban zauna na yi tunani na gano baiwata ba, mutane ne suka yi ta kawo mini aiki iri ɗaya har na farga. Galibi abin da Allah ya sauƙaƙe maka kai ne na ƙarshen ganinsa, saboda sauƙinsa yakan sa ka ɗauka kowa ma ya iya.

Bakaniken Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Manomin Suru, a kan tambayarku, akwai masu ɗauko inji a babur daga ƙauyukan wajen Augie su wuce rumfuna biyu su zo wurina, kuma ban tuna ranar da na sa mutum ya sayi kan famfo alhali sil ne kawai ya lalace ba. Malama, maganarku a kan bashi gaskiya ce mai ɗaci. Ko littafi ban riƙe ba a lokacin, a ka nake lissafi, kuma kunya ba ta barina in ce wa sa'an mahaifina ya ba da wani abu kafin in ɗaura masa sabon fistin. Amma abin da ya fi tsorata ni yanzu ba bashin ba ne, solar nan ce. Idan kowa ya koma can, wanda ya iya kafireta me zai ci?

Ɗalibar Injiniya:
Yaya Bakanike, ina karatun injiniyan lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kuma ina so in rage maka wannan tsoron. Ina ganin kana ƙuntata baiwarka da ka kira ta gyaran kafireta. Yaron da ya saurari ƙarar inji ya gane inda ciwon yake, abin da aka ba shi shi ne bin sawun matsala daga alama har zuwa tushenta, kuma wannan ba ya mutuwa don an daina sayen fetur. Famfon sola kashi uku ne: farantan da ke karɓar hasken rana, da kwantirola da ke daidaita wutar, da kuma mota, wato injin lantarki mai juya famfon. Ɓangaren ruwan, wato tiyo da sil da fanka da zurfin rijiya, duk abin da ka riga ka sani ne, kuma yawancin masu haɗa sola a gari ba su san shi ba, domin wutar gida suka saba da ita. Abin da ya rage maka shi ne ka iya aiki da mitar auna wutar lantarki, ka san bambancin haɗa faranti a jere da haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ka san ƙarfin wutar da kowace kwantirola ke iya ɗauka don kada ta ƙone. Sau da yawa ma ƙurar hunturu ce ke rufe farantan ruwa ya ragu, ko wata waya ta saki. Mai hannu irin naka, idan ya zauna wurin wanda ya iya na ƴan watanni, zai kama. Sai dai kunnenka ba zai yi maka aiki a nan kamar da ba, domin wuta ba ta yin ƙara, kuma tana kisa, dole ka yarda ka koma ɗan koyo.

Ban da haka, injinan fetur ba za su ɓace gobe ba. Sola tana da tsadar saye, ba ta aiki da dare, kuma masu mayar da inji na gas ma bakanike suke nema ya canja musu kafireta.

Tsohon Ma'aikaci:
Na ji bayanin ƴata kuma na ƙaru, amma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar mahaifinsa. Ko da ya zama gwanin gwanaye, idan uban bai sa albarka ba, ina amfanin? Ku yaran yanzu kuna maganar baiwa kamar mutum shi kaɗai ya faɗo daga sama. A zamaninmu ɗan Sarkawa su yake yi, ɗan maƙeri yana bakin zuga-zugi, masu ɗori na Aliero a gida suke gadonsa, kuma ba a ce sun rasa baiwa ba.

Malamin Zaure:
Alhaji, maganarku tana kan hanya, kuma ina so in tsaya a kanta kaɗan domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Gado makaranta ce da yaro ke shiga tun bai san an sa shi ba, shi ya sa yake saurin fito da mai baiwa, amma ba ya halittar ta. Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934. Dubban mutane ne ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, da yawansu gadon su suka yi, amma kaɗan ne ke fitowa da babban kifi. A gida ɗaya ma za a sami wanda ruwa ya karɓe shi da wanda bai karɓa ba.

A addini ma ba a ce kowa ya zama abu ɗaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Khalid ɗan Walid jagorancin yaƙi, ya sa Bilal kiran salla, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda kaifin fahimtarsa. Abu Zarri kuwa, duk da girman matsayinsa, da ya nemi a ba shi shugabanci sai aka gaya masa cewa shi mai rauni ne a wannan fagen, kuma abin amana ne. Wannan ya ƙarfafa maganar Ɗan Jega, cewa gaya wa mutum inda bai dace ba ƙauna ce. Haka kuma ya tabbata cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Don haka sana'ar yaron nan ba abin kunya ba ce da za a ɓoye bayan takarda.

Game da mahaifinsa, ni ban ji ya haramta masa sana'ar ba, na ji ya gaji da ganin ɗansa yana faɗuwa. Irin wannan ba a maganinsa da gardama, kuma ba a maganinsa da yin shiru a tafi Birnin Kebbi da baƙin ciki a ciki. Ɗana, ka sami wanda mahaifinka ke jin nauyinsa, baffa ko limamin garinku, ku je tare. Kada ka je masa da kalmar baiwa, domin ba ita ce damuwarsa ba. Ka je masa da lissafi: ga abin da na samu a ranin bara, ga inda na yi kuskure, ga abin da zan gyara, ga wa'adin da nake roƙo. Ka yi istihara kafin ka je. Idan bayan duk wannan ya dage, to ka bi shi, Allah ba zai tozarta ka ba.

Ɗan Jega:
Malam ya ambaci wa'adi, kuma wannan ne abin da ni ban yi ba. Da na ce wa kaina shekara biyu, idan ƙungiyar kirki ba ta ɗauke ni ba zan dawo, da shekara shida ba su salwanta ba. Na yarda da Malama cewa halinsa ba irin nawa ba ne, na janye wannan ɓangaren. Amma ina roƙonsa ya faɗi wa'adin a gaban mutane, ya kuma faɗi abin da zai nuna an ci ko ba a ci ba, domin mai son abu ba ya rasa uzurin ƙara shekara ɗaya.

Manomin Suru:
Ƙari ɗaya a kan bashi, tunda mu ne masu cinsa. Kuɗin aikin hannunka kana iya jira har girbi, wannan taimakon juna ne kuma da shi ake zaman fadama. Amma kayan gyara da ka sayo da kuɗinka, a biya kafin a ɗaura, ko da kawunka ne. Duk manomin kirki ya san haka, mai sayar da taki ma ba ya yi mana wannan sassaucin. Kuma ka sayi littafi ka rubuta a gaban mai inji.

Bakaniken Fadama:
Iyayena da yayyena, na karanta komai fiye da sau ɗaya. Baba Tsohon Ma'aikaci, ban ɗauki maganarku da wasa ba, kuma ba zan yi komai a bayan mahaifina ba. Jiya bayan sallar isha'i na je wurin baffana na karanta masa abin da Malam ya rubuta, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu shiga wurin Baba tare. Rani biyu zan roƙa. Idan an gama girbin wannan ranin zan tafi Birnin Kebbi wurin wani mai haɗa sola da muka yi makaranta tare, in zauna ƙarƙashinsa har ƙarshen damina, lokacin da dama aikin inji yake ja baya. Idan rani na biyu ya wuce ban mayar da jarin da ruwa ya ci ba, kuma ban iya ɗaukar nauyin kaina ba tare da na miƙa hannu a gida ba, zan ɗauko takardar da hannuna in kai wa Baba, ku ne shaidu. Littafin kuwa na riga na saya yau da safe, har na rubuta mutum biyu. Ƙanwata Ɗalibar Injiniya, ina roƙon ki rubuto mini irin mitar da ta dace da mai farawa, da abin da zan fara aunawa idan na tarar da famfo ya tsaya alhali rana tana tsaka.